Kason Ɗan Riƙo

Bara, bayan an gama girbin gero, aka kira ni zaman rabon gado a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, can ta hanyar Basirka. Ba na cikin magada. An dai ce in zo saboda na iya riƙe biro, kuma mamacin aminin mahaifina ne. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, malamin da zai yi rabo ya zauna da ɗan littafinsa da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, aka shiga lissafo abin da Baba ya bari: gonaki uku, shanun noma biyu da garmarsu, amalanke, gidan da ake ciki, da buhunan riɗi da ba a kai ga kai su kasuwar Sara ba. Mutum ɗaya ne ke ba da duk wannan bayani, wani magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Shi ya san iyakar kowace gona, ya san wanda Baba ke bi da wanda ke bin Baba. Shi ya yi jinyar tsohon a asibitin tarayya na Birnin Kudu, wata biyu yana kwana a baranda. Shi ya yi masa wanka, shi kuma ya shiga kabari ya karɓi gawa.

Da aka zo ƙirga magada, malam ya rubuta mata biyu, 'ya'ya maza huɗu, mata uku. Sai ya ɗaga kai ya dubi magidancin nan. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Allah gafarta Malam, shi ai riƙo ne. Ɗan ƙanwar uwargida ne, yana shekara uku aka kawo shi." Malam ya ce, "To," ya mai da kai kan takarda. Mutumin bai ce uffan ba. Ya bari har aka fara buga lissafi, sannan ya miƙe kamar mai zuwa kama ruwa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Da na leƙa daga baya, sai na hango shi a turke yana zuba wa shanu harawa, shanun da kafin la'asar za su zama na wani.

Malam bai yi kuskure ba, kuma babu wanda ya zalunci kowa a zauren nan. Ɗan riƙo ba ya gado, haka hukuncin yake, ba ni kuwa da ja a kai. In akwai wanda ya yi sakaci, to yana kwance a makwancinsa, Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa. Shekara kusan arba'in yana kiran yaron nan ɗansa, bai samu yini ɗaya da zai kira shaidu biyu ya faɗi magana ɗaya ba.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda ni ma ɗan riƙo ne. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari a ƙasar nan: ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini wasa a gaban mutane, in na faɗi sai dai wata ta ɗaga ni. Da lokacin yaye ya yi aka kai ni Birnin Kudu wurin Goggo, yayar mahaifina, wai in yi kwana bakwai in manta da nono. Kwana bakwai ɗin ne suka zama shekara goma sha tara. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba. Ta sha gori a gidan miji, har da wannan mummunar kalma ta juya, amma ni ban taɓa ganin gidan da yara suka cika kamar ɗakinta ba. Mu huɗu ta riƙa, ba wanda ya haɗa uwa da wani. Har na shiga aji uku a firamare ina ɗauka matar da ke zuwa daga ƙauye da daddawa da kuka, ta gaishe da kowa ta tsallake ni, wata baƙuwa ce mai girman kai.

Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san riƙo ba hanya ɗaya yake zuwa ba. Akwai na yaye irin nawa. Akwai wanda ake ba wadda ba ta samu haihuwa ba don ta ɗebe kewa, ta samu mai aike. Akwai na mutuwa, inda 'yar'uwar mamaciya ke goya jariri tun kafin a share makoki. Mai wabi takan ba da ɗanta a tafi da shi wani gari ko Allah Zai sa ya tsaya. Ga agola da ke bin uwarsa gidan sabon miji, wanda shi nasa zaman ya fi na kowa tsami. Ga almajirin da ya fara da zuwa karɓar ɗumame, ya koma mai ɗebo ruwa, ya wayi gari uwar ɗakinsa ce ke haɗa masa lefe. Ba a cike takarda, ba a zuwa kotu. Magana ce tsakanin manya: "Ga shi nan, na ba ki duniya da lahira." Baba ta Karo, tsohuwar nan da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga shi littafi a 1954, ita ma ba ta haihu ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, don ta riƙi 'ya'yan dangi sun tashi a hannunta.

Masu cewa tsintacciyar mage ba ta mage, ina so su tsaya su dubi sunan gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin ƙasar Hausa. An haifi Alhassan a Bebeji wajen 1877. Mahaifinsa Abdullahi, bafatake daga cikin Agalawa, ya rasu yaron bai kai shekara goma ba. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ta tafi Akkara ta ci gaba da kasuwancinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Wannan tsohuwa ce ta raine shi har mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata. Ya yi fataucin goro, ya yi sarautar cinikin gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, kuma sunan da ya bar wa zuriyarsa na mariƙiyarsa ne. Yau kowa na faɗin Ɗantata, a jikin motoci, a jikin gine-gine, a kan tituna, amma mutum nawa ne ke tuna cewa sunan wata baiwa suke ambata, wadda ba ta da kaso ko na anini a dukiyar gidan? Tarihin ma sai ya sake zagayowa: Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ya rasa mahaifinsa yana ɗan shekara takwas, ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi Ɗantata, kuma a nan Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi karatun sakandare. Na san za a ce maraicin gidan masu kuɗi daban ne, kuma gaskiya ne, wanda ya tashi a gidan Ɗantata bai san kwana da yunwa ba. Amma kuɗi ba ya goyo. Ko a can sai da aka samu wani mutum guda da ya ce yaron nan nawa ne.

To me ya sa abin da ya kai wannan daraja yake ƙarewa da mutum a gindin turke ranar rabon gado?

Mutanenmu sun riƙe rabin karatu ne suka saki rabi. Kowa ya haddace cewa Musulunci ya hana a mai da ɗan wani naka ta hanyar canza masa uba. An san labarin Zaidu ɗan Harisa, wanda aka daɗe ana kira ɗan Muhammadu har ayoyin farkon Suratul Ahzab suka sauka aka mai da shi ga sunan mahaifinsa. Hikimar a fili take: kada nasaba ta rikice, kada a aurar wa mutum 'yar'uwarsa, kada a ƙwace wa magada haƙƙinsu. Wannan rabin ya zauna daram a kan kowa, har wanda bai iya alwala da kyau ba zai gaya maka ɗan riƙo ba ya gado. Rabin da aka saki shi ne ƙofofin da shari'ar ta bari a buɗe. Mutum na da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba, kamar yadda ya tabbata a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ana fitar da wasiyya ne kafin a raba gado. Wa ya fi dacewa da wannan sulusi in ba yaron da ya tashi a gabanka ba? Akwai kuma kyauta tun mutum na da rai da lafiya. Sai dai a nan ne da yawa ke faɗawa rami, domin a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyautar da ba a karɓa aka mallaka ba har mai ita ya mutu, ta koma cikin gado. Wato "ai Baba ya ce gonar fadama tawa ce" ba ta da nauyi a gaban alƙali in Baba ya ci gaba da noma ta har ya kwanta ciwon ajali. Sai an fitar da ita, an nuna iyaka, an kira shaidu, yaron ya sa garmarsa a ciki. Sannan aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a ba dangi da marayu da miskinai wani abu in sun halarci rabo, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Na halarci rabon gado ya fi a ƙirga, da wuya na ji an tuna da wannan aya kafin a naɗe tabarma.

Mun ɗauki wasiyya kamar kiran mutuwa. Ka ce wa dattijo ya rubuta, sai ya dube ka ya ce, "Kai, gaggawar me kake yi da ni?" Wani kuma tsoron matansa yake ji, kada a ce ya fifita bare a kan 'ya'yan cikinsa. Sai ya yi shiru, ya bar wa yaron da ya fi kowa yi masa biyayya gadon kunya.

Wannan na gidajen da aka yi riƙon kirki ke nan. Akwai inda kalmar kanta ta zama mayafin rufe ɓarna, kuma ba zan yi kamar ban gani ba. Tun a tatsuniya muka san 'yar bora da 'yar mowa, kuma ba daga sama Bahaushe ya ƙago su ba. Ka shiga wani gida da asuba, yarinyar da za ka tarar tana hura wuta ita ce 'yar riƙo. Ita ce mai shara, mai wanke-wanke, ita za a ɗora wa tiren awara, 'ya'yan gida kuwa su wuce ta a ƙofa da kayan makaranta. Kwanonta daban, shimfiɗarta kusa da murhu. In abu ya ɓace ita ce ɓarauniya, in yaro ya yi kuka ita ta mintsine shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne dillalan da ke shiga ƙauyukanmu suna kwasar 'yan mata ƙanana zuwa gidajen Kano da Kaduna da Abuja. A gaban mutane a ce Hajiya ce za ta riƙe ta, alhali kowa ya san aikatau ne, kuɗin wata kuma ba ya ko biyowa ta hannun yarinyar. Goggo tana da ma'auni guda da take gane gidan kirki da shi: in ta shiga, sai ta dubi ƙafafun yaran. In ta ga ɗaya da faso sauran sumul, ta gama karatun gidan.

Da wannan ɓarna ne wasu ke kafa hujja cewa a gina gidajen marayu a kowace ƙaramar hukuma a huta. Ban yarda ba. Gidan marayu na da ranarsa, musamman ga jaririn da aka tsinta ba a san kowa nasa ba, kuma irin na Nasarawa a Kano ya daɗe yana wannan aiki. Amma ma'aikaciya, komai tausayinta, tana tashi daga aiki, ana yi mata canjin wuri, tana ritaya. Yaro kuwa yana bukatar fuskar da zai gani yau ya gani gobe ya gani ranar aurensa. Waɗanda suka riga mu bin wannan hanya juyowa suke yi. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 duniya ta ga abin da manyan gidajen marayu suka yi wa yaran Romaniya, kuma binciken da aka fara a birnin Bukares wajen shekarar 2000 ya nuna yaran da aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a can ƙaruwa a hankali da magana. Ruwanda, wadda kisan ƙare dangi na 1994 ya bar wa marayu birjik, ta ɗauki manufar rage gidajen marayu tun 2012 tana mai da yara cikin iyalai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye. Abin da wasu ke kashe kuɗi suna koyo, mu a cikinsa aka haife mu, muna kuma sakinsa.

Haka nan ban ɗauki hidimar azumi a matsayin riƙo ba. Kowace shekara za ka ga an tara yara a fili, an kafa allon talla mai hoton mai bayarwa, an jera su kowa riƙe da ledar shadda yadi uku, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Allah Ya ba da lada, ba na hana kowa alheri. Amma maraya ba ranar Sallah kaɗai yake maraya ba. Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutum wajen 200 suka rasu, akasarinsu maza masu ƙarfi a jika. An kai gudunmawa, manya sun je jaje, motoci sun koma. Yaran da aka bari suna hannun wa yau? Suna hannun kakanni da baffanni da gwaggwanni, mutanen da su ma da ƙyar suke kai ƙarshen damina, kuma ba wanda zai ɗauki hotonsu.

A nan ne nake ganin hukuma da masarauta za su yi amfani. Jigawa ta samu dokar kare yara da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa wa hannu a ƙarshen 2021, amma doka a Dutse take, yaro kuwa yana Kondiko ko Sundimina. Wanda ya san gidan da aka kai wane shi ne mai unguwa da liman. Bai kamata yarinya ta bar ƙauye da sunan riƙo ba tare da mai unguwa ya san gidan da za ta, da wanda ya zo ɗaukarta, da ranar da za a zo ganinta ba. Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, ta yi suna wajen tsarin tattara zakka da rabonta tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi. Da za a riƙa sa gidajen talakawan da ke riƙe da marayu a sahun gaba wurin rabon hatsin nan, da an rage yawan waɗanda ke tura yaro bara ko aikatau don rumbu ya yi ƙasa. Limamai kuma, cikin huɗubobi hamsin da biyu na shekara, a ba wasiyya guda ɗaya mana.

Saura bashin da ke kanmu, mu da aka riƙa. Na daɗe ina tunanin yadda zan biya Goggo. Na yi mata rufin kwano, na sa mata famfo, duk wata ina aika abin cefane. Wata rana ina lissafa mata abin da nake shirin ƙarawa, sai ta katse ni ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Ni me zan yi da firji? Ɗakin nan naka na baya, wa ke kwana a ciki?" Na ce babu kowa, kaya ne. Ta ce, "Kaya." Ba ta ƙara ba, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Sai daga baya na lura abin da take nufi yana nan cikin tarihin da muke ji tun muna makarantar allo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an haife shi ba uba, ya sha nonon Halimatu Sa'adiyya, ya rasa mahaifiya yana shekara shida, Ummu Aimana ta raine shi, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi shekara biyu, sannan ya koma gidan baffansa Abu Ɗalibi. Da ya girma ya yi gida, fari ya afka wa Makka, iyali suka yi wa Abu Ɗalibi yawa. Sai ya je wurin baffansa Abbas suka yi shawara, Abbas ya ɗauki Ja'afar, shi kuma ya ɗauki Aliyu ya kai gidansa. Wanda aka riƙa ya dawo ya riƙi ɗan mariƙinsa. Bayan yaƙin Hunainu kuma, da aka kawo Shaima'u, 'yar Halimatu, cikin kamammu, mayafinsa ya shimfiɗa mata ta zauna. Muna son ambaton hadisin yatsu biyu a kan mai kula da maraya, amma mukan faɗe shi ne a wurin neman gudunmawa, ba a wurin da ake tambayar wa zai tafi da yaron nan gidansa ba.

Ɗakin baya dai an kwashe kayan. Ba zan ce komai a kan wanda ke ciki ba, don yana iya karanta jarida yanzu, kuma ban ga dalilin da zai sa ya ga kansa a cikinta ba. Abin da zan iya faɗa shi ne na kira mutum biyu na rubuta abin da ya kamata in rubuta, matata ta sani, 'ya'yana sun sani, an yi fushin an gama tun ina da rai.

Shi kuwa mutumin ƙasar Gwaram, bayan kwana biyu ana kai ruwa rana, magada suka bar masa aron ƙaramar gonar, ta jigawa, wadda ba ta yin komai sai gero da wake. Aro, ba kyauta ba. Uwargida ta sayar da ɗan abin da ya zo mata daga tumuni ta haɗa masa kuɗin ɗan maraƙi. Ya tashi daga gidan ya yi ɗaki biyu a bayan gari. Da na bi ta can bana da bazara, na tarar da shi yana gyaran danga, wani yaro ɗan shekara huɗu yana miƙa masa kara ɗaya-ɗaya. Na san 'ya'yansa, wannan ba ya cikinsu. Na tambaya, ya ce, "Jikan Baba ne, ɗan wajen autarsa. Allah Ya yi mata rasuwa wurin haihuwa, uban kuma ya tafi Legas tun bara ba labari. Da aka yi bakwai kowa ya sunkuyar da kai, sai na sa shi a kafaɗa."

Na ce, "To Yaya, kai ka rubuta masa wani abu?"

Ya yi dariya har ya saki igiyar da ke hannunsa. "Malam, me na mallaka da zan rubuta?" Sai ya nuna wata tunkiya mai baƙin kunne da ke ɗaure a gindin ɗorawa, da 'ya'yanta biyu. "Waccan dai tasa ce, da abin da za ta haifa. Na kai ta ƙofar mai unguwa da kaina, liman yana zaune."

Yaron ya ji ana maganar tunkiyarsa, ya yar da karan ya ruga wurinta.